Dogari a Ƙofar Fure: Tururuwa, Ƙwari da Haifuwar Tsire-tsire



Ina godiya ga kwamitin shirya laccoci saboda damar da ya ba ni ta tsayawa a gabanku yau. Na tabbata da aka ga kan wannan lacca a allon sanarwa, ba za a rasa wanda ya ce a ransa ba, duk matsalolin da suka dami ƙasa a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai tururuwa? Tambayar ba ta da laifi, kuma ina fata kafin mu tashi amsarta za ta fito. Abin da zan ce tun yanzu shi ne, manomin da furen wakensa ya zube, da mai lambun da mangwaronsa ya ruɓe tun yana bisa, duk maganarsu za mu yi, ko da yake sai mun biyo ta Amurka ta Tsakiya da Afirka ta Gabas kafin mu iso gonakinsu.

Bari in fara da gyara kalma. Bahaushe ya rarrabe tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa da shazumami, kowanne da sunansa. A wurin masana ilmin ƙwari kuwa duk gida ɗaya ne, mai iri fiye da 14,000, saboda haka zan yi amfani da kalmar tururuwa ta game su duka. Gara ba ta cikinsu, don ita 'yar'uwar kyankyaso ce, alhali tururuwa dangin rina ce da ƙudan zuma. Wani lissafi da masana suka fitar a 2022 ya nuna cewa kowane mutum ɗaya a duniya yana da kimanin tururuwa miliyan 2.5 a madadinsa. Halittar da ta kai wannan yawa, kuma take hawa kusan kowane itace da kowace ciyawa, ba ta yiwuwa a ce ba ruwanta da haifuwarsu.

Fure da baƙinsa

Tsiro ba ya tashi daga inda ya tsira, amma yana bukatar aure kamar sauran masu rai. A cikin fure akwai sashen namiji, mai fitar da wani lallausan gari da za mu kira garin fure, akwai kuma sashen mace, mai ɗauke da ƙwayayen da za su zama iri. Sai garin ya sauka a kan sashen mace sa'an nan fure ya ƙulla ɗa, kuma ga tsire-tsire da yawa, iri ya fi yawa da ƙarfi idan garin ya fito daga wani tsiro dabam na jinsinsu. Wannan shi ne barbarar fure. Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu wannan aiki. Amma bisa ga ƙididdigar da aka buga a 2011, kimanin kashi 87 cikin 100 na tsire-tsire masu fure dabbobi ne ke ɗaukar musu garin, galibinsu kuwa ƙwari ne. Kaɗanya ta dogara da ƙudan zuma, mangwaro ƙudaje ne suka fi yi masa hidima, kuka kuwa jemage ne ke ziyartar furenta da dare.

To, fure talla ne. Launinsa da ƙanshinsa da ruwan zaƙin da ke cikinsa, duk kiran baƙi ne. Wanda ya kasa kaya a kasuwa kuwa ba shi da ikon zaɓen wanda zai tsaya a gabansa. Baƙin fure iri uku ne. Na farko su ne baƙin gayyata, watau ƙudan zuma da ƙudaje da malam-buɗe-littafi, waɗanda ke shan zaƙi ko su ɗebi gari, su biya da aikin barbara. Na biyu su ne masu cin furen kansa: tsutsotsi, da ƙwari masu taurin baya, da wasu ƙanana ƙwarai da ido ke gani da ƙyar. Ɓarnar waɗannan ta fi ta masu cin ganye muni, gama itace yana iya sake ganye, amma furen da aka cinye mahaifarsa ya tafi da irin da ke cikinsa. Ko leɓatun furen kaɗai aka ɓarke, baƙin gayyata sukan rage zuwa, don tallan ya lalace. Na uku ita ce tururuwa, wadda matsayinta ya fi na kowa wuyar ganewa.

Dalilin da ya sa tururuwa ba ta iya barbara sosai

Wanda ya ga tururuwa ta cika fure sai ya zaci ita ma barbara take yi. Akasari ba haka ba ne, saboda dalilai uku. Na ɗaya, tururuwar da muke gani tana kai da kawo ba ta da fiffike, da ƙafa take tafiya, don haka in ma ta ɗauki gari, daga wannan fure zuwa na kusa da shi a tsiro ɗaya za ta kai. Na biyu, jikinta ba shi da yalwar gashi irin na ƙudan zuma, kuma ba ta rabuwa da share shi. Na uku, yawancin tururuwa suna da wani ruwa da jikinsu ke fitarwa don kashe ƙwayoyin cuta da fumfuna, tun da a cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace suke zaune. A 1984 Andrew Beattie da abokan aikinsa a Ostareliya suka nuna cewa garin furen da ya taɓa jikin tururuwa yakan rasa ƙarfinsa. Akwai 'yan tsire-tsire da tururuwa ke yi wa barbara da gaske, galibi gajeru masu ƙananan furanni a wurare masu fari, amma ba su da yawa.

Ashe ke nan tururuwar da ta shiga fure ta sha zaƙi, ta ci bulus ne. Tun 1876 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Anton Kerner, ya rubuta littafi sukutum a kan dabarun da furanni ke yi don tsare kansu daga irin waɗannan baƙi marasa gayyata: wasu su yi gashi mai kaushi a marfin furen, wasu su yi danƙo a karan, wasu su yi santsin da ƙafa ba ta kamawa.

Yadda itace ke ɗaukar dogari

Abin mamaki shi ne, tsire-tsiren da ke korar tururuwa daga fure, da yawansu suna kiranta zuwa ganye. Masana sun ƙidaya kusan iri 4,000 na tsire-tsire masu fitar da ruwan zaƙi a wajen fure, a kan ganye ko gindinsa ko karan fure. Auduga tana cikinsu: in kun juya ganyenta za ku ga ɗan gurbi a kan babbar jijiyar tsakiya, daga nan zaƙin ke fitowa. Wannan zaƙi ba shi da alaƙa da barbara. Albashin dogari ne.

Wanda ya fara bayyana wannan a fili shi ne Thomas Belt, injiniyan haƙar ma'adinai ɗan Ingila, wanda ya yi aiki a Nikaraguwa, ya buga littafinsa a 1874. Ya lura da wani itace dangin bagaruwa, mai manyan ƙayoyi kamar ƙahon sa, waɗanda cikinsu rami ne, tururuwa na zaune a ciki. Itacen yana ba ta ruwan zaƙi, yana kuma fitar mata da wasu 'yan ƙwayoyin abinci a bakin ganye. Belt ya ce lalle itacen sojoji ya ajiye. An shafe shekara kusan 90 ana gardama a kan wannan magana, wasu masana suna cewa tururuwar zaman kanta kawai take yi, itacen bai ƙaru da kome ba. Sai a 1966 Daniel Janzen, Ba'amurke, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a Meziko. Ya raba wasu itatuwan da tururuwarsu, ya bar wasu da tasu. Waɗanda aka raba, ƙwari suka far musu, tsire-tsire masu naɗo suka lulluɓe su, girmansu ya tsaya, da yawa suka mutu. Daga nan gardama ta ƙare.

A nahiyarmu ma akwai irin wannan. A tuddan Laikipia na ƙasar Kenya, inda ƙasa take baƙar laka mai tsagewa da rani, kusan itace ɗaya ne ya mamaye daji. Shi ma ɗan'uwan bagaruwa ne, masana suna kiransa Vachellia drepanolobium. Gindin ƙayarsa yakan kumbura kamar goro, tururuwa ta huda ta zauna a ciki, in iska ta bi ta hudojin sai a ji kamar ana fito, shi ya sa ake ce masa ƙaya mai fito. A 2010 Jacob Goheen da Todd Palmer suka nuna cewa giwa, wadda ƙaya ba ta dame ta ba, tana ƙin reshen da ke da wannan tururuwa, saboda takan cika mata cikin hanci da cizo. Da aka cire tururuwar sai giwa ta ci reshen ba tare da wata damuwa ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Matsalar dogari

A nan ne muka iso zuciyar laccar. Dogarin da ya iya korar giwa, me zai yi wa ƙudan zuma? Tururuwa ba ta san baƙon gayyata ba, ba ta san ɓarawo ba, duk abin da ya sauka a kan itacenta abokin gāba ne. Idan ta tsare furen sosai, ba mai kawo gari, itacen ya rayu lafiya amma ya mutu ba magaji. Idan kuma aka kore ta daga furen ɗungum, masu cin fure su sami sake.

Wannan ba zato ba ne kawai. A hamadar Arizona ta Amurka akwai wani tsiro mai ƙaya, mai siffar ganga, wanda tururuwa iri dabam-dabam ke gadi. Joshua Ness ya buga bincikensa a 2006, inda ya tarar cewa tururuwar da ta fi kowace zafin kare tsiron daga masu cinsa, ita ce kuma ta fi hana ƙudan zuma sakewa a furensa. Tsiron da ke hannunta, 'ya'yansa suka fito da iri kaɗan, marasa nauyi.

Yaya ƙayoyin Afirka suka warware wannan? Amsar ta fito daga dajin Mkomazi, a arewa maso gabashin Tanzaniya, inda masana biyu daga Birtaniya, Pat Willmer da Graham Stone, suka zauna suna kallon furannin wata ƙaya mai tururuwa, Vachellia zanzibarica, sa'a bayan sa'a. Suka buga abin da suka gani a 1997. Furen wannan itace ɗan dunƙule ne rawaya kamar na bagaruwa. Tun yana toho tururuwa ke sintiri a kansa, tana korar masu cinsa. Ranar da ya buɗe, daidai lokacin da yake sakin garinsa, sai tururuwa ta janye, ta ƙi kusantarsa, ƙudan zuma da sauran masu barbara su zo su yi aikinsu lami lafiya. Da furen ya tsufa, barbara ta wuce, sai tururuwa ta komo ta ci gaba da gadin irin da ya fara ƙulluwa. Alamu sun nuna cewa wani wari ne sabon furen ke fitarwa wanda tururuwa ba ta so. Sakamakon kuwa, furannin da ke ƙarƙashin gadin tururuwa sun fi ƙulla iri. Daga baya, a 2002, Nigel Raine tare da waɗannan masana biyu suka sami irin wannan hali a wata ƙaya ta Meziko, suka kuma ga cewa itacen ya raba wurin da tururuwa ta fi zama da wurin da furanninsa suka fi yawa.

Ku lura da abin da itacen ya yi. Bai sallami dogarinsa ba, bai kuma bar masa ƙofa kullum ba. Ya ƙayyade masa lokaci, ya ƙayyade masa wuri. Wannan ita ce maganar da nake so ku riƙe daga laccar nan: amfanin mai gadi ga haifuwar tsiro bai tsaya ga zafinsa ba, ya dogara ga sa'ar da yake tsaye a ƙofa da sa'ar da ya kauce.

Har ma akan sami inda dogari ke tace baƙi. A Singafo an yi nazarin wani ɗan itace mai fure ruwan hoda, wanda tururuwa mai ɗinke ganye ke zama a furanninsa, aka buga sakamakon a 2013. Tururuwar tana korar ƙananan ƙudajen zuma, waɗanda ke kwashe gari ba su yi barbarar kirki ba, amma ba ta iya korar babban baƙin nan mai huda itace, wanda shi ne gwanin aikin. Da ƙananan suka ragu, babban ya ƙara zuwa, itacen ya ƙara 'ya'ya.

Dogarin da ya ci amana

Kada a ɗauka wannan zama na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ƙauna ce ta kawo shi. Kowane ɓangare bukatarsa yake bi. Mu koma Laikipia, inda tururuwa iri huɗu ke gasa a kan ƙaya mai fito, kowane itace kuwa iri ɗaya ke riƙe da shi a lokaci guda. A 1999 Maureen Stanton da abokan aikinta suka bayyana halin ɗaya daga cikinsu, Crematogaster nigriceps. Wannan tururuwa jaruma ce wajen kare itace, amma takan bi rassa tana yanke tohon da zai zama fure ko sabon reshe, har itacen ya kasa haifuwa muddin tana kansa. Dalilinta shi ne ba ta da ƙarfin yaƙi da sauran tururuwa, saboda haka take hana rassan itacenta miƙewa su taɓa na maƙwabci, kada su zama gadar da abokan gāba za su hauro. Ta tsare gidanta, ta mai da mai gidan bakarare.

Duk da haka al'amarin bai ƙare a nan ba. Waɗannan itatuwa sun fi gidan tururuwa tsawon rai, don haka itace ɗaya yakan ga masu haya iri-iri. Binciken da Palmer da abokansa suka buga a 2010 ya nuna cewa itacen da ya zauna da dukan iri huɗun, ɗaya bayan ɗaya, ya fi barin zuriya a tsawon rayuwarsa. Ita mai yanke tohon ta fi zama a ƙananan itatuwa, tana tsare ransu a shekarun da ba haifuwa ce ta fi damunsu ba. Wanda ya zo ya duba shekara ɗaya ya tafi, zai yanke mata hukuncin da ba daidai ba.

Haka kuma wannan zama yana iya rushewa. A 1995 aka kewaye wasu filaye a Laikipia da waya don hana giwa da raƙumin dawa shiga. Mai hankali zai ce itatuwan sun huta. Rahoton 2008 ya nuna akasin haka. Da itatuwan suka daina jin haƙorin dabba, sai suka rage albashi, watau ruwan zaƙi da kumburarrun ƙayoyi. Jarumar tururuwa ta ragu, wata raguwa ta yawaita, wadda ke zama a ramukan da tsutsa mai huda itace ta bari. Itatuwan da ke hannun wannan raguwa girmansu ya yi baya, mutuwarsu ta ninka.

Misali na ƙarshe ya fi ban tsoro. Wajen farkon shekarun 2000 wata baƙuwar tururuwa mai ƙaton kai ta fara yaɗuwa a yankin, tana kashe 'yan gida, ita kuwa ba ta kare itace. Binciken da Douglas Kamaru, ɗan Kenya, ya jagoranta a gandun Ol Pejeta, wanda aka buga a 2024, ya nuna cewa inda ta mamaye, giwaye suna karya itatuwa ninki 5 zuwa 7. Daji ya yi fili, zaki ya rasa maɓoya, kamun jakin dawa ya yi masa wuya. Tsakanin 2003 da 2020 rabon jakin dawa a cikin abin da zakoki ke kashewa ya sauka daga kashi 67 zuwa 42 cikin 100, suka koma kan ɓauna. Ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya sauya wa zaki abinci.

Mu komo gonakinmu

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, kuma kowane malamin gona a cikinku ya san cewa lokacin fure ne ake cin wake ko a rasa shi. Manyan abokan gābansa a wannan lokaci masu cin fure ne. Akwai ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da za ku gani suna gudu in kun buɗe furen, waɗanda ke tsotse toho har ya bushe ya faɗi, in sun yi yawa gona ta yi ganye shar ba ɗa ko ɗaya. Akwai tsutsar maruka, wadda uwarta mai yawon dare ce, tana saka ƙwai a toho da fure, tsutsar ta ci cikin furen sa'an nan ta huda kwanson. Ɓarnarta takan kai kashi 80 cikin 100 a mummunar shekara. Akwai kuma ƙwaron nan mai ratsin ja da baƙi da ke cinye leɓatun furen.

Wake ma yana biyan dogari. Ku ɗauki karan furensa ku duba tsakanin furannin, za ku ga ɗan kumburi, sau da yawa da tururuwa a kai tana lasa. Amma a gonar wake ɗin dai za ku ga wata tururuwar tana kiwon darɓa kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu, tana shan zaƙin da darɓar ke fitarwa, tana korar ƙwarin da ke cin ta. A gona ɗaya ke nan ga mai gadi ga kuma mai ɗaure wa ɓarawo gindi, kuma sai an duba da kyau ake rarrabe su.

A lambunan mangwaro na sassan da ke da ni'ima akwai jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi sheƙa, wadda masu tsinko mangwaro suka tsana saboda cizo. A Jamhuriyar Benin, Paul Van Mele da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa itatuwan da take da yawa a kansu sun fi tsira daga ƙudan da ke saka ƙwai a cikin mangwaro ya ruɓar da shi. Wannan ba sabon ilmi ba ne a duniya. Wani littafin ƙasar Sin da ake danganta rubutunsa da shekarar 304 ya ba da labarin manoman lemo da ke sayen sheƙar 'yar'uwar wannan tururuwa a kasuwa su rataya a itatuwansu. Mu kuwa sau da yawa wuta muke sa mata.

Game da baƙin gayyata, wake yakan yi wa kansa barbara, amma auduga da riɗi da kabewa da kankana suna ƙaruwa da ƙudan zuma. A Burkina Faso an gwada rufe furanni don hana ƙwari isa gare su, aka buga sakamakon a 2017: amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi da kashi 59.

Yanzu ku dubi matsayin manomi da famfon feshi a bayansa. Shi ma dogari ya ɗauka, kuma nasa ya fi tururuwa makanta. Maganin ƙwari mai kashe kome bai san tsutsar maruka ba, bai san ƙudan zuma ba, bai san tururuwar da ke gadi ba. Manomin da ya yi feshi da hantsi, lokacin da furen wake ke buɗe, ƙudan zuma na kai, ya yi abin da ƙayar Mkomazi ta ƙi yi: ya bar dogari a ƙofa a sa'ar da baƙin gayyata ke shigowa. Zumar mai amya a bakin gonar, da riɗin maƙwabcinsa, su ne za su biya.

Abin da ya rage gare mu

Ba ina cewa a daina feshi ba ne. Wanda ya taɓa ganin gonar wake da ƙwarin fure suka gama da ita ba zai faɗi haka ba. Ina cewa ne a koyi ƙayyade lokaci da wuri, kuma ina da shawarwari huɗu ga ma'aikatan gona da masu tsara manufofinta.

Na farko, a koya wa manomi ya buɗe fure ya duba kafin ya yi feshi, kada kalanda kaɗai ta zama jagoransa. Na biyu, in feshi ya zama dole a lokacin fure, a yi shi da maraice lis, bayan furen wake ya rufe, ƙudan zuma sun koma amya, a kuma sanar da masu amya na kusa. Na uku, a rage yawan feshin ta hanyar iri mai jure ƙwari. A ƙarshen 2019 aka amince da sakin irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar tare da abokan hulɗarta. Yana kare kansa daga maruka, an kuma tsara shi don a rage feshi daga sau 6 ko 8 zuwa sau 2. Sai dai a faɗa wa manomi gaskiya, ba ya maganin ƙananan ƙwarin fure ko masu tsotsar kwanso, don haka duban gona bai faɗi ba. Na huɗu, kada jami'i ya ba da umarnin kashe tururuwa a lambu ko a gandun daji sai ya san wace iri ce, da kuma aikin da take yi a wurin. Su ma masu kula da shigo da dashe da ƙasar tukwane su tuna da Ol Pejeta, gama a cikin irin waɗannan kaya baƙuwar tururuwa ta saba tafiya.

Ku kuma ɗalibai, abin da Janzen da Willmer suka yi bai bukaci na'ura mai tsada ba. Ku zaɓi rassa 40 na bagaruwa ko mangwaro masu toho. Ku naɗa wa 20 ƙyalle a gindi ku shafa masa man giris don tururuwa ta kasa hawa, ku bar 20 yadda suke. Ku zauna da agogo da littafi daga asuba zuwa la'asar, kuna rubuta wanda ya zo da lokacin da ya zo da abin da ya yi. Bayan makonni ku ƙirga 'ya'yan da kowane reshe ya ƙulla. Wanda ya yi wannan da haƙuri a kan itatuwanmu, bagaruwa da daƙwara da gawo da ɗorawa, zai rubuta abin da malaman gona za su yi aiki da shi, kuma ya fi kwafo babin wani daga littafin da aka rubuta a kan itatuwan wata ƙasa.

Shugaban taro, na fara da tambayar wanda ya ce me ya haɗa mu da tururuwa. Ina fata yanzu ya ga cewa tsakanin fure da iri akwai 'yan sa'o'i kaɗan, kuma abin da zai shiga rumbu ya rataya ga wanda aka bari ya shiga furen a cikinsu da wanda aka hana.